Doguwar sandar fatsa mai rahusa: abin da na gani bayan rani biyu a bakin Tiga

Duk wanda ya taso a ƙauyukan da ke kewaye da madatsar ruwa ta Tiga ya san cewa kifin kirki ba ya zama a bakin gaɓa, musamman daga watan Fabrairu zuwa Mayu, lokacin da ake sakin ruwa domin noman rani a Kadawa da Kura da Bunkure, tafkin ya ja da baya ya bar taɓo da fili mai faɗi a inda ruwa ya kwanta da damina. Mai kwalekwale bai damu da wannan ba, domin yana tura jirginsa ya bi ruwan har inda ya tsaya. Amma irina, malamin makaranta da ba shi da jirgi, ba shi kuma da lokacin su sai ranar Asabar da Lahadi, abin da ya mallaka shi ne sandar gora da ɗan zaren da bai wuce mita shida ba, kuma abin da ke cikin wannan tazarar sai ƙananan karfasa da ƙurungu. Na yi shekaru ina tsaye a gaɓa ina kallon inda launin ruwa ke sauyawa ya yi duhu, can wajen mita sittin ko saba'in, ina da yaƙinin cewa a nan ragon ruwa da manyan tarwaɗa suke kiwo, ba ni da hanyar kai musu ƙoto.

Ƙanena da ke aikin gadi a Legas ne ya fara kawo mini labarin doguwar sandar da ake jifa da ita. Da ya zo hutun sallah ya ce mini, "Yaya, a bakin teku na ga mutane suna tsaye a kan yashi suna wurga ƙugiya har ido ya daina ganin inda ta faɗa, kuma ba su shiga ruwan ba ko zuwa gwiwa." Ya nuna mini hoton da ya ɗauka a wayarsa, na ga sanduna dogaye an kafa su a jere, kowace da injin naɗe zare a jikinta. Ya kamata mai karatu ya sani tun daga farko cewa ba don tafki irin namu aka ƙera wannan sanda ba. Kayan aikin masu kamun kifi ne a bakin teku, inda igiyar ruwa ke karyewa kusa da gaɓa, kifi kuma yana kiwo a kwarin da ke bayanta. Tsawon sandar yana yin aiki biyu a can: yana ba mai jifa damar wurga dalma mai nauyi, wadda ake ɗaurawa kusa da ƙugiya, ta tsallake wurin da igiyar ke karyewa, sannan idan an kafa sandar a tsaye yana ɗaga zaren sama yadda ruwan da ke kai da komo ba zai riƙa jan sa ba. A Tiga ba mu da igiyar teku, amma muna da gaɓa mai gangara a hankali, da ciyawar ruwa, da duwatsu, kuma duk abin da tsawon nan yake magancewa a can yana magance makamancinsa a nan.

Galibin irin waɗannan sanduna suna zuwa ne da tsawon mita 3.6, ko 3.9, ko 4.2, ko 4.5, wato ƙafa 12 zuwa kusan 15. Da na shiga birni neman tawa ta farko, ban san komai ba sai cewa ina son jifa mai nisa, don haka na nemi wadda ta fi kowace tsawo. A wani shagon kayan su aka miƙo mini mai mita 4.5, irin wadda ake zugewa gaɓa bayan gaɓa kamar eriyar rediyo, idan an mayar da ita ta koma ba ta fi tsawon hannu ba. Mai shagon ya ce, "Malam, wannan ko a jakar makaranta za ta shiga," kuma ya yi gaskiya a kan wannan. Sai dai a fita ta huɗu, ina tsakiyar jifa da dalma mai nauyin giram 100, na ji ƙara kamar an taka busasshen kara, gaɓa ta uku ta tsage daga bakinta har kusan taƙi guda. Da na duba da kyau sai na ga bangon gaɓar bai fi kaurin farce ba. Sanda mai gaɓoɓi shida ko bakwai tana da wurin rauni shida ko bakwai, kuma a mai araha ba a ƙarfafa bakunan gaɓoɓin yadda ya kamata. Akwai masu zugewa nagari, amma ba a farashin da talaka zai iya ba. Araha ba ta ado, in ji Bahaushe, kuma kuɗin wannan sanda ya tafi a banza.

Wadda nake son yin bayani a kanta ita ce ta biyu, wadda na saya bayan wata uku, kuma har yau ita nake aiki da ita. Ƙirar China ce, sunan da ke jikinta ba sananne ba ne, tsawonta mita 3.9, gaɓa uku da ake cusa ɗaya cikin ɗaya. An rubuta a gindinta cewa tana ɗaukar nauyin jifa daga giram 100 zuwa 200. An yi ta ne da gaurayen kayan ƙira biyu, faiba, wato zaren gilashi, da kabon, kodayake nauyinta ya nuna cewa faiban ya fi yawa, domin da na ɗora ta a sikelin mai shago a garinmu ta kai wajen giram 650. Tana da zobba bakwai da zaren ke bi ta cikinsu, har da na tsini, kuma na farkon yana da faɗi sosai, yatsu biyu suna shiga. Abin da na biya, ita da injin naɗe zare da zaren kansa, bai kai kuɗin ɗan akuya matsakaici a kasuwar ƙauye ba, alhali kuwa sandar manyan kamfanoni kamar Shimano da Daiwa na Japan ko Penn na Amurka, ita kaɗai ba inji, tana iya cinye kuɗin rago. Kasancewarta gaɓa uku ya yi mini amfani fiye da yadda na zata, domin kowace gaɓa ba ta wuce mita ɗaya da 'yan kai ba, ina ɗaure su a jikin babur in bi hanyar gona ba tare da sun kama reshe ba. Mai gaɓa biyu ta fi ƙarfi kaɗan, amma kowane ɓangarenta ya kusa mita biyu, kuma duk wanda ya taɓa ɗauko dogon rake a babur ya san wahalar da ke ciki.

Abin da na fi so mai saye ya fahimta shi ne lambar nan ta nauyin jifa, domin ita ce ruhin sandar, ba tsawon ba. Sanda ba ta wurga dalma da ƙarfin damtsen mutum kaɗai. Tana aiki ne kamar baka: nauyin dalmar ne ke lanƙwasa ta yayin da aka kaɗo ta daga baya, sannan idan ta miƙe ta saki ƙarfin da ta tara. Idan dalmar ta yi mata sauƙi ba za ta lanƙwasa ba, sai ya zama kamar mutum yana jifa da muciya. Idan kuma ta yi mata nauyi, za ta lanƙwasa fiye da kima ta kasa miƙewa da sauri, ko ma ta karye. Na fara ne da tsohon fulogin mota a madadin dalma, kamar yadda muka saba, sai na ga jifata ba ta wuce ta wanda ke wurgi da hannu ba, har na fara zargin sandar. Ashe fulogin bai kai rabin mafi ƙarancin nauyin da aka rubuta mata ba. Ranar da na ɗaura dalma mai giram 120, tun kafin in saki zaren na ji bambancin a tafin hannuna, domin sandar ta yi nauyi a baya, sannan ta fizge gaba da kanta.

A nan ne kuma na samu sandar da laifinta na farko. Giram 200 ɗin da aka rubuta a jikinta ƙari ne. Ta fi jin daɗi tsakanin giram 110 da 140. Da na gwada 170 na ji tana nishi a gaɓa ta tsakiya, jifar ma ta ragu maimakon ta ƙaru, kuma ban sake kusantar wannan nauyin ba. Shawarata ga duk mai sayen sanda mai rahusa ita ce ya ɗauki tsakiyar lambobin biyu a matsayin iyakarsa ta sama, ya bar lambar ƙarshe ga wanda ya rubuta ta. Ga tafki kuwa giram 120 ya wadatar, tunda ba mu da ruwa mai jan dalma kamar na teku, inda sai an yi amfani da mai kusurwa huɗu ko mai ƙafafun waya da ke kama yashi. Dalma mai santsi, mai siffar ƙwai, ta fi dacewa da mu, domin ba ta cika maƙalewa a tsakanin duwatsu ba.

Da yake sai an gwada akan san na ƙwarai, ban yarda in auna jifata da ido a kan ruwa ba, domin ruwa yana ruɗin ido, mita hamsin sai mutum ya rantse ɗari ce. Na je filin ƙwallon makarantarmu da yammacin wata Juma'a bayan yara sun watse, na cire ƙugiya na bar dalma kaɗai, na tsaya a layi ɗaya na riƙa jifa ina aunawa da igiyar awon fili. A makon farko ban wuce mita 45 ba. Bayan wata biyu ina gyara tsayuwata, ina barin dalmar ta sauko kusan rabin sandar kafin in kaɗa, ina kuma jan gindin da hannun hagu zuwa ƙirji maimakon in riƙa turawa da dama kaɗai, na kai mita 85 zuwa 90. Idan an sa ƙoto nisan yana raguwa, domin naman kifi ko hanjin kaza suna kama iska, sai ya koma wajen mita 65 zuwa 70, kuma idan iskar hunturu tana busowa ta fuskata yakan ragu ƙasa da haka. Masu gasar jifa a Turai suna wuce mita 250, amma a fili suke yi, ba ƙoto, da sandunan da kuɗinsu ya fi ƙarfinmu. Mita saba'in ɗin nan ita ce daidai inda ruwan ke yin duhu, kuma ita na fito nema.

Sandar ba ta yin wannan aiki ita kaɗai, kuma wanda ya kashe duk kuɗinsa a kanta ya bar zare da inji a baya zai yi da na sani. Zaren da aka naɗo a kan injin daga shago mai kauri ne, yana fita a nannaɗe kamar wayar tarho ta da, yana dukan zobba yana rage gudun dalma. Na cire shi na sa zaren roba mai kaurin milimita 0.35, na cika faifan injin da zaren ke naɗuwa a kai har ya rage kamar milimita biyu ya kai baki, kuma wannan kaɗai ya ƙara mini sama da mita goma. Sai dai siririn zare ba ya jure fizgar jifa. Sau biyu dalmata tana tsinkewa ta tafi ita kaɗai kamar harsashi, kuma a karo na biyu ta faɗa ba nisa da inda wani yaro ke shayar da shanu, abin da har yau idan na tuna gabana yake faɗuwa. Maganin wannan shi ne a ƙulla zare mai kauri a gaba, mai kamar milimita 0.70, tsawonsa ya kai kamar mita takwas, yadda zai bi sandar duka ya kuma zagaya faifan sau biyar ko shida. Masu kamun kifi a bakin teku suna da ƙa'ida a kan haka, wato kowane giram 28 na dalma yana bukatar zaren gaba mai ɗaukar kilo huɗu da rabi, don haka dalma mai giram 120 tana son zaren da zai ɗauki kilo ashirin ko kusa da haka. Tun da na bi wannan ƙa'ida dalma ba ta sake tsinke mini a sama ba. Sannan a naɗe ɗan yatsan da ke riƙe zaren da filasta ko guntun fata, kuma a ɗaure birkin injin, wato abin da ke hana faifan sakin zare, tam kafin jifa, domin idan faifan ya zame zaren yana yanka yatsa kamar reza, kuma ina da tabon da zan nuna.

Injin da ya zo tare da ita mai lamba 7000 ne, yana ɗaukar zare sama da mita 250, kuma girmansa ya dace da sandar. Ƙaramin inji a kan doguwar sanda ɓarna ce, domin faifansa yana ƙarewa da sauri zaren ya riƙa gogar baki. Ba shi da santsin na manyan kamfanoni, birkinsa kuma yana fizga maimakon ya saki zare a hankali, amma da na kwance shi na wanke tsohon man na sa sabon giris ya yi dama. Wani abin sauƙi gare mu shi ne ba mu da ruwan gishiri, don haka ba dole ne mu biya kuɗin injin da aka toshe don kada tsatsa ta ci shi ba. Abokan gabarmu su ne ƙurar hunturu da yashi.

Kan batun faiba da kabon, na ji masu shago suna zuga kabon zalla kamar shi ne ƙarshen zance. Gaskiya ne ya fi sauƙin nauyi, ya fi miƙewa da sauri, kuma a hannun gwani ya fi nisa. Amma kabon ba ya son duka. Idan ya bugi dutse ko ya faɗo daga babur, zai iya samun rauni a ciki wanda ido ba ya gani, sai ranar da aka ɗora masa nauyi ya karye a wurin. Faiba kuwa tana da nauyi da laushi, amma tana da haƙuri. Tawa ta faɗi a kan duwatsun bakin ruwa ba sau ɗaya ba, akuya ta taɓa take ta a tsakar gida, kuma ban da ƙujewar fenti babu abin da ya same ta. Ga mutumin ƙauye da zai ɗaure sandarsa a babur ya bi hanya mai gargada, wanda kuma ba shi da inda zai samo gaɓar canji idan ɗaya ta karye, ina ganin gaurayen ya fi kabon mai araha nesa ba kusa ba. Nauyin ba ya damuna sosai, tunda ba riƙe ta nake yi yini guda ba. Ina jifa ne in zura gindinta a cikin guntun bututun roba na ruwan famfo da na fere bakinsa na kafa a ƙasa, in zauna ina jira.

Inda arahar ta fi bayyana shi ne a zobba da mazaunin inji. A wata na biyar, ƙwayar tangaran ɗin da ke cikin zoben tsini ta fita, ban kuma lura ba sai da na ga zarena yana yin gashi yana tsinkewa ba dalili, ashe ƙarfen zoben ne ke cin sa. Na samo wani zoben, na ɗan ɗumama tsinin a kan wutar kyandir har tsohon gam ya saki, na zare shi na manna sabo, kuma aikin bai ɗauki minti goma ba. Zobe na uku kuma ya fara motsi a gindinsa, na sake naɗe shi da zaren ɗinki mai ƙarfi na shafe da gam. Mazaunin injin na roba ne, maƙullinsa yana kwancewa bayan jifa goma ko goma sha biyar, dole in riƙa duba shi, har na gaji na ƙara masa ɗaurin robar tayar keke. Waɗannan duka gyare-gyare ne da mutum zai yi a zaure da hannunsa, shi ya sa ban ɗauke su manyan laifuka ba, amma wanda yake son kayan da ba za a taɓa su ba sai ya ƙara kuɗi ya nemi sanda mai zobban kamfanin Fuji, ya kuma buɗe ido, domin ana buga sunayen manyan kamfanoni a kan kayan jabu.

Da zan koma shago yau, ba zan biya ba sai na haɗa sandar gaba ɗaya a gaban mai ita, na kaɗa ta a hankali ina sauraro, domin gaɓar da ba ta zauna daidai ba tana yin ƙwas-ƙwas. Zan daidaita idona da gindinta in leƙa ta cikin zobban in ga ko suna kan layi ɗaya. Zan zura ɗan guntun auduga ta cikin kowane zobe, domin idan akwai tsaga a tangaran ɗin audugar za ta maƙale ko da ido bai gani ba. Zan kuma sa gindin sandar a hammatata in miƙa hannu, in ga ko tafina ya sauka daidai kan mazaunin inji, saboda mariƙin da ya yi gajere yana hana hannun hagu yin aikinsa. Idan mai shago ya ƙi yarda a yi wannan gwaji, akwai wani shagon. Gaɓoɓin tawa suna barin ɗan giɓi kamar faɗin yatsa idan an haɗa su, kuma haka aka yi su da gangan don a bar wurin da za su ci gaba da shiga yayin da suke cinyewa, don haka kada a matsa su da ƙarfi. Ina goga musu kakin kyandir kaɗan, in kuma share yashi kafin in haɗa. Ranar da suka ƙi rabuwa, na sa sandar a bayan gwiwoyina, na riƙe ɓangarorin biyu, na buɗa ƙafafuna a hankali, suka saki.

Kamun da ya sa na yarda da ita ya zo ne a ƙarshen watan Maris na ranin farko. Na yi sallar asuba na fita, na isa wani tsauni da ya shiga cikin ruwa kafin gari ya gama wayewa, na sa yankan ƙaramar karfasa a ƙugiya na jefa inda na daɗe ina kallo. Na maƙala 'yar ƙararrawa a tsinin sandar na zauna. Bayan kamar rabin awa ƙararrawar ta yi ƙara sau ɗaya ta yi shiru, sannan na ga tsinin yana sunkuyawa a hankali har bututun ya fara karkata. Da na ɗaga sandar na ji nauyi yana tafiya gefe, zare yana fita daga inji da kuka. A nan laushin faiba ya yi mini rana, domin duk fizgar da kifin ya yi sandar ce ke shanye ta kafin ta kai ga siririn zaren, tsawonta kuma ya ba ni damar ɗaga zaren sama da wasu duwatsu biyu da ke tsakanina da shi, waɗanda da gajeriyar sanda ce da a kansu zai tsinke. Ragon ruwa ne, kuma da aka ɗora shi a sikeli a gida ya haura kilo huɗu. Gidanmu da gidan maƙwabta biyu aka ci shi.

Duk da haka ba na son kowa ya ɗauka cewa wannan sanda za ta ciyar da gida kullum. Akwai wani dattijo masunci da ke ajiye jirginsa kusa da inda nake zama, wanda ya fara su tun ba a daɗe da kammala madatsar a 1974 ba. Ya karɓi sandar ya jujjuya ta, ya ce, "Malam, abin naka yana da kyau, amma ƙugiya ɗaya ce a ruwa. Ni mamarina ƙugiya ɗari biyu gare shi." Na ce, "Haka ne, Baba, amma ni ba ni da jirgin da zan shimfiɗa mamari." Ya yi murmushi ya ce to kowa da kiwon da ya karɓe shi. Maganarsa gaskiya ce. Wanda su ne sana'arsa, kalli, wato ragar da ake shimfiɗawa a ruwa, da mamari mai jerin ƙugiyoyi, da birgi, ragar da ake wurgawa, sun fi masa wannan. Akwai ranakun da nake dawowa hannu rabbana. Sannan sandar ba ta dace da ƙananan kifi ba ko kaɗan, domin tsininta yana da tauri, karfasa za ta cinye tana ta tafi ba a ga ko motsi ba, kuma don wannan har yanzu ina tafiya da gorata. Ƙasan tafkin ma akwai kututturan itatuwan da ruwa ya shanye, suna cin dalma.

Dattijon nan ne kuma ya nuna mini abin da ban yi tunaninsa ba, wato wanda ke jifa mita saba'in ya shiga hurumin masu jirgi. Na taɓa jawo kallin wani da ƙugiyata na yaga idanun ragar da yawa, sai da na ba shi haƙuri na biya kuɗin gyara. Bayan haka na je na gaida Sarkin Ruwa na yi masa bayanin abin da nake yi, aka nuna mini ɓangaren da ba a cika shimfiɗa kalli ba, kuma tun daga ranar ban sake samun saɓani da kowa ba. Haka nan ba na jifa sai na waiwaya na tabbatar babu mai wanki ko yaro ko dabba a bayana da gefena. Da zarar hadari ya haɗo ina kwance sandar in kwantar da ita, domin kabon yana ɗaukar wutar lantarki, kuma mutum a fili riƙe da abu mai kusan mita huɗu shi ne mafi tsawo a wurin. Saboda wannan dalilin ba na haɗa ta a ƙarƙashin wayar wuta.

Game da tsawo, bayan na gwada ta wani abokina mai mita 4.2, na gane cewa 3.9 ce daidai da ni, kuma ni matsakaicin mutum ne. Tasa ta fi tawa nauyi a gaba, ina kasa kaɗa ta da saurin da take bukata, sai jifata da ita ta gaza wadda nake yi da tawa. Matashi ko mai ƙaramin jiki zai fi samun nisa da mai mita 3.6. Wanda kuma yake kamu a kogi mai ƙunci, kamar wasu sassan kogin Haɗeja inda itatuwa suka rufe gaɓa, ba ya bukatar ko ɗaya daga cikinsu. Ga mai kamu a bakin manyan madatsun ruwa irin Tiga ko Challawa, wanda ba shi da jirgi, ina ba da shawarar irin tawa ba tare da shakka ba, muddin zai duba ta da kyau a shago, ya sauya zaren da ta zo da shi, kuma bai wuce giram 140 ba.

Yanzu tana cikin raninta na uku. Fentin gaɓar ƙasa ya koɗe, robar mariƙin ta fara ɓarewa na naɗe ta da tsumma, amma jikin sandar bai nuna alamar gajiya ba. Bayan kowace fita ina goge ta da jiƙaƙƙen ƙyalle in jingine ta a ɗaki inda rana ba ta taɓa ta, domin zafin rana yana cin gam ɗin zobba yana kuma busar da zare. Abin da nake tara wa kuɗi a yanzu shi ne inji mai birki mai kyau, kuma na riga na gaya wa ƙanena ya duba mini a Legas kafin ya taho sallah mai zuwa.